Na Sayar da Gida, Mai Saye Ya Gano Asbestos: Wa Zai Biya Kuɗin Cirewa?

Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ingila da iyalina. Bara na sayar da gidana da ke bayan garin Manchesta, wanda aka gina wajajen 1965, na sayi wani kusa da wurin aikina. Ciniki ya faɗa lami lafiya, lauyoyi suka kammala takardu, na miƙa makulli. Bayan wata bakwai sai ga wasiƙa daga lauyan wanda ya saya. Wai ya ɗauko ma'aikata za su rushe bangon da ke tsakanin falo da kicin, sai suka ce ba za su taɓa komai ba sai an yi gwaji. Gwajin ya nuna asbestos, ma'adinin nan mai zare-zare da ake sawa a kayan gini wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, a wuri huɗu: a shafen adon da ke jikin silin, a tsofaffin tayil da ke ƙarƙashin kafet, a rufin gareji, sai kuma allon da aka lulluɓe ɗan lungun da tukunyar ɗumama gida take. Yana neman in biya fam 11,500 kuɗin cirewa, ya ba ni kwana 14, in ba haka ba sai kotu.

Wallahi ban san da zancen silin da tayil da gareji ba. Amma akwai abin da ke hana ni barci. Shekarun baya, wani mai gyaran gas da ya zo duba tukunyar ya ƙwanƙwasa allon nan ya ce mini zai iya zama asbestos, kada in huda shi. Ban huda ba, ban kuma kai shi gwaji ba, har maganar ta fita daga raina. Lokacin ciniki lauyan mai saye ya aiko da tarin tambayoyi, a ciki akwai ta asbestos, na amsa da cewa iya sanina babu. Yayan matata ya ce in yi kunnen uwar shegu da wasiƙar, ai wanda ya sayi tsohon gida ya saya da matsalarsa. Ita kuma matata ta ce in biya duka mu huta, kada mu ci haƙƙin mutum. Ba ni da kuɗin a ajiye, sai dai in ci bashi. Malam, haƙƙin nan a kan wa yake?

Ɗan'uwanku a Ingila

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo mafita.

Fam 11,500 ɗin nan ba duka ne ke kanka ba, mafi yawansu ma ba naka ba ne. Sai dai kason allon tukunya, wanda aka ƙwanƙwasa a gabanka aka yi maka kashedi, ba zan iya wanke ka daga gare shi ba. Ina jin kai ma ba wankewar ka zo nema ba, tunda da kanka ka kawo zancen mai gyaran gas alhali ba wanda ya san da shi sai kai. Shawarar maiɗakinka ta fito daga zuciya mai tsoron Allah, amma za ta sa ka ɗauki kayan da ba naka ba. Ta yayanta kuwa ita ce mai haɗari, zan dawo kanta.

A Ingila da Wales, tushen dokar cinikin gida shi ne mai saye ya buɗe idonsa. Doka ba ta tilasta wa mai sayarwa ya zauna ya lissafo duk wani lahanin da ke jikin gini ba. Yarjejeniyar da lauyoyin can suka saba amfani da ita ma tana ɗauke da sharaɗin cewa mai saye ya karɓi gidan a yanayin da yake ranar da aka ƙulla ciniki. Dalilin ke nan da ya sa mai saye ke biyan ƙwararren mai duba gini ya shiga lungu da saƙo kafin a sa hannu. Kuma asbestos a gidan 1965 ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san gine-ginen ƙasar. Birtaniya ta haramta nau'insa shuɗi da na ruwan ƙasa a 1985, farin kuwa sai 1999 aka hana shi. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata ta sha nanata cewa duk ginin da aka yi ko aka gyara kafin shekarar 2000 ana iya samun sa a ciki. Masu duba gini sun san haka, shi ya sa rahotonsu kan tsohon gida yakan zo da gargaɗin cewa shafen silin irin wannan da rufin gareji na siminti suna iya ɗauke da shi, a yi gwaji kafin a taɓa. In mai sayenka ya karɓi irin wannan rahoto ya karanta ya ci gaba da ciniki, zai yi masa wuya ya ce an rufe shi. In bai ɗauki mai duba gini ba don tsimin kuɗi, zaɓinsa ne. In kuma ya ɗauka amma mutumin bai ce uffan ba, to akwai wata ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa, ba taka kaɗai ba.

Ƙari a kan haka, babu dokar da ta ce mai gidan zama dole ya cire asbestos. Dokar 2012 da ta ɗora nauyin kula da shi ta shafi wuraren aiki ne da sassan da ake tarayya a gidajen bene, kamar matakala da farfajiya. A gidan mutum na kansa, shawarar hukuma ita ce in yana nan lafiya lau, bai farfashe ba, ba a kuma shirin taɓa shi, a bar kaza cikin gashinta. Tayil ɗin da ke kwance ƙarƙashin kafet shekara da shekaru ba ya cutar da kowa. Abin da ya mayar da cirewar dole shi ne mai saye yana son faɗaɗa falonsa. Wannan burinsa ne, halal ne gare shi, amma ba kai za ka biya masa kuɗin cika shi ba.

Inda doka ke kama mai sayarwa shi ne bakinsa. Ba a tilasta maka ka yi magana ba, amma da zarar an tambaye ka ka amsa, amsar ta zama abin da za a riƙe ka da shi. Fom ɗin TA6 da ka cike, wato takardar bayanin gida da mai sayarwa ke cikewa, da ƙarin tambayoyin da lauyansa ya aiko, da abin da ka faɗa wa dillali ya sa a talla, har da abin da ka faɗa da baki ranar da ya zo ganin gida, duk suna iya shiga lissafi, ko da yake rubutacce ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai dokar 1967 kan bayanin da ba daidai ba a ciniki, kuma tana da kaifi ta wani gefe da mutane da yawa ba su sani ba. In mai saye ya nuna cewa bayaninka ba gaskiya ba ne, kuma yana cikin abin da ya sa shi sayen, to nauyin kare kai ya dawo kanka. Kai ne za ka gamsar da alƙali cewa ka yi imani da abin da ka faɗa, kuma kana da dalili mai ma'ana na yin imanin, har zuwa lokacin da aka ƙulla ciniki. Ba sai an tabbatar ka yi niyyar zamba ba.

Mutane suna ɗaukar "iya sanina babu" a matsayin mafaka, wai ai ban ce babu ba, cewa na yi ban sani ba. Kotunan Ingila ba haka suke kallonta ba. Tun a wata shari'a ta 1993 tsakanin kamfanin William Sindall da ƙaramar hukumar Cambridgeshire, kotun ɗaukaka ƙara ta bayyana cewa irin wannan amsa tana ɗauke da ma'anar cewa mai amsar ya yi binciken da ya dace da mutum mai hankali kafin ya faɗe ta. A kan silin da tayil da gareji, amsarka tana tsaye da ƙafarta: ba wanda ya taɓa ce maka komai, ido ba ya gane asbestos a cikin shafe, sai an ɓanɓaro an kai ɗakin gwaje-gwaje. A kan allon tukunya kuwa ƙafar ta gurɗe. Lauya mai wayo zai ce "zai iya zama" ba sani ba ne, zato ne, kuma mai gyaran gas ba masanin asbestos ba ne. Hujja ce da za a iya tsayawa a kai, ban raina ta ba. Amma ka sa kanka a kujerar alƙali: ga mutum an tambaye shi ƙarara ko ya san da asbestos, ga ma'aikaci ya taɓa nuna masa allo da yatsa ya ambaci sunan abin, sannan ya rubuta babu. Amsar da ta dace a ranar ita ce, "ban taɓa yin gwaji ba, amma wani mai gyara ya taɓa cewa allon tukunya zai iya zama shi, mai saye ya bincika." Da layin nan guda ya shiga takarda, da yau ba mu wannan magana.

Na yarda da kai cewa mantuwa ce. Na ma san inda sakacin ya samo asali. Mu da muka taso a Kano da Kaduna da Zariya, ƙarƙashin silin asbestos muka yi karatu, a ajin firamare da ɗakin kwanan makaranta da gidajen ma'aikata. A Bauchi har masana'anta aka kafa da sunansa. Wa bai ga kafinta ya ɗora allon a kan benci yana yankawa da zarto ba, farar ƙura ta rufe masa gira da gemu, ya hure ta da baki don ya ga layin fensir, ya kakkaɓe riga ya wuce cin abinci? Yara ma gutsuren suke jefawa cikin wuta don su ji ƙarar fashewarsa. Wanda ya girma a haka, in Bature ya ce masa allo zai iya zama asbestos, abin da zai ji a ransa shi ne, to sai me? Wannan ya bayyana mantuwar, amma bai sauke nauyinta ba. Kuma tunda na taɓo gida, duk mai karatun da ke shirin sauke tsohon silin a Najeriya ko Nijar, ya sani ba kowane allon da ake kira asbestos a kasuwa yau ne ke ɗauke da shi ba, tsofaffin ne abin tsoro. A jiƙa su da ruwa, a zare ƙusa a sauke su ɗungurungum, kada a farfasa, kada a share ƙurar a bushe, a kuma fitar da yara daga gidan.

Abin da ya sa nake matsa maka a kan allon nan shi ne, cikin wurare huɗun da aka lissafa, shi ne mafi muni. Rufin gareji siminti ne da aka cakuɗa da farin asbestos kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, zaren yana ɗaure tamau a cikin simintin, ba ya tashi sai an yanka ko an farfasa. Na tayil ma a ɗaure yake. Shafen silin ɗan kaɗan ne a cikinsa. Allon kare zafi da wuta irin wanda ake sawa kusa da tukunya daban yake. Yawanci ruwan ƙasan asbestos ne a ciki, da yawa, kuma allon yana da taushi, ƙusa ɗaya ko bugun guduma ya isa ya saki ƙurar da ido ba ya gani. Shi ya sa a doka cire irinsa galibi sai ɗan kwangila mai lasisin HSE, wanda zai sanar da hukuma kwana 14 kafin ya fara, ya killace wurin da leda, ya sa injin zuƙe iska, ma'aikatansa su shiga da takunkumi da rigar kariya. Sauran ukun galibi ba sa buƙatar lasisi, ƙwararren ma'aikaci mai horo ya isa. Zaren nan in ya shiga huhu ba ya fita. Yana jawo taurin huhu, da kansar huhu, da wata kansar tantanin da ke lulluɓe da huhu da ake kira mesoteliyoma, wadda har yau ba a samo maganin warkar da ita ba. Ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 15, wani lokaci har 60. A Birtaniya mutum wajen 5,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilinsa, da yawansu kafintoci ne da masu aikin famfo da na lantarki. Ka gode wa Allah ma'aikatan da mai sayenka ya ɗauko masu taka-tsantsan ne. Da irin masu gaggawa ne, da sun dogara da "babu" ɗinka sun sa guduma, kuma da abin da ke wuyanka ya wuce kuɗi.

Yanzu ga lissafi. Wasiƙar ta dunƙule komai ta ce fam 11,500. Kada ka yarda da dunƙulallen adadi. A warware maka shi: nawa ne na silin, nawa na tayil, nawa na gareji, nawa na allon, kuma nawa ne a ciki na sabon filasta da fenti da sabon rufin da dama zai yi a gyaransa. A ba ka rahoton gwajin daga ɗakin gwaje-gwaje mai shaidar UKAS, hukumar da ke tantance irin waɗannan ɗakuna a Birtaniya, da farashin 'yan kwangila fiye da ɗaya, da rahoton mai duba ginin da ya ɗauka kafin saye. Ka kuma sani cewa ko da ya yi nasara a kotu, ma'aunin diyya a irin wannan ƙara yawanci shi ne bambancin da ke tsakanin kuɗin da ya biya da ainihin darajar gidan da lahanin a jikinsa, ba lallai duk abin da ya kashe ba. Gidan 1965 mai asbestos a silin bai faɗi a kasuwa ba, domin maƙwabtansa duk haka suke. Mai saye yana da shekara shida ya shigar da ƙara, saboda haka wata bakwai bai makara ba. Adadin da ya nema kuma ya haura fam 10,000, iyakar sashen ƙananan ƙararraki inda kowa ke biyan lauyansa. Sama da nan, wanda ya faɗi yakan ɗauki wani kaso na kuɗin lauyan abokin shari'arsa. Wannan barazana ce gare ka, barazana ce gare shi ma, kuma lauyansa ya san uku cikin huɗun da'awarsa ba su da ƙarfi. Ƙofar sulhu ke nan.

Ka tambaye ni haƙƙi a kan wa yake, kuma na san ba haƙƙin kotun Ingila kaɗai kake nufi ba. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, wato Annabi. A wani hadisin na Bukhari da Muslim kuma, masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Ba a ware mai saye Musulmi da wanda ba Musulmi ba a wannan hukunci.

Malaman Malikiyya sun yi wa aibin gida kallo na musamman, sun kasa shi uku. Ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa. Matsakaici wanda ke rage wani abu, ba a warware ciniki, sai dai a mayar wa mai saye gwargwadon abin da aibin ya rage. Babba, wanda wasu suka ƙiyasta da sulusin kuɗin gida, shi ne ke ba da damar mayar da gidan. A fiƙihu rashin sanin mai sayarwa shi kaɗai ba ya kore haƙƙin mai saye, gara in faɗa maka wannan a fili. Amma sun cire aibin da ke bayyane wanda mai saye zai gani da idonsa, kamar rufin garejinka da ke tsaye a sarari. Sun kuma cire aibin da ba a iya gano shi sai an fasa abin, wanda mai saye da mai sayarwa suka yi daidai wajen jahiltarsa, suka ba da misali da ƙwaron da ke cikin katako. A fahimtata shafen silin da tayil nan suka faɗa. Allon tukunya bai faɗa nan ba, domin ba ku yi daidai wajen jahiltarsa ba: kai an yi maka ishara, shi ba a yi masa ba. Sharaɗin "na sayar yadda yake" kuma ba ya wanke mutum daga abin da ya sani ya yi shiru. Saboda haka aibi ne matsakaici, maganinsa a biya gwargwadonsa. Ka kai wa malamin da ka amince da shi wannan bayani dalla-dalla ya tabbatar maka, ka kuma tafi da maiɗakinka ta ji da kunnenta, don hankalinta ya kwanta cewa ƙin biyan sauran ba cin haƙƙi ba ne.

Sai shawarar yayanta. Wasiƙar lauya ba ƙara ba ce tukuna, amma ƙa'idar kotunan can tana son a amsa ta cikin lokaci, kuma alƙali yana iya hukunta wanda ya yi biris ta hanyar ɗora masa kuɗin shari'a. In takardar ƙara ta biyo baya ka sake yin shiru, za a yanke hukunci a bayan idonka a kan dukan adadin, har da kason da da ka tsaya ba za ka biya ba. Hukuncin zai zauna a rajista shekara shida in ba ka biya cikin wata guda ba, ya ɓata maka suna wajen banki, ya tsaya maka a gaba ranar da za ka sabunta bashin sabon gidanka. Ka gode masa da kulawa, amma kada ka bi.

Cikin kwana 14 ɗin nan, a aika gajeriyar amsa cewa wasiƙa ta iso, kana neman shawarar lauya, kana kuma buƙatar takardun da na lissafa da ƙarin lokaci. Iyakarta ke nan. Kada ka kira mai sayen a waya, kada ka tura masa saƙon ban haƙuri ko na faɗa ta WhatsApp, domin kowanne zai iya bayyana a gaban alƙali. Ka nemi lauyan da ya yi maka cinikin ya ba ka kwafin fayil ɗinka gaba ɗaya, ka ga ainihin yadda aka yi tambayar da ainihin kalmomin amsarka. Akwai tazara tsakanin "shin ka san da asbestos a gidan" da "shin an taɓa yin gwajin asbestos", kuma ƙwaƙwalwa bayan shekara guda ba abar dogaro ba ce. Ka duba takardun duba tukunya na shekarun baya ko mai gyaran ya rubuta wani abu. In ya rubuta, kada hannunka ya kai ga yaga ta, kamfaninsa na iya riƙe da kwafi, ɓatar da hujja kuma shi ne zai mayar da mantuwa ta zama zamba. Ka leƙa inshorar gidanka, ta da da ta yanzu, wasu suna ɗauke da kariyar kuɗin lauya a rikicin saye da sayar da gida, kuma suna son a sanar da su da wuri. Sannan ka samu lauyan da aikinsa rikicin gidaje ne, ko da zama ɗaya za ka iya biya.

Shi wannan lauya, ka faɗa masa zancen mai gyaran gas tun a zaman farko. Abin da ka faɗa masa sirri ne da doka ta kare. Zai iya ce maka mai saye ba shi da hanyar sani, kuma ta yiwu haka ne. Amma kada ka bari a rubuta wasiƙa da sunanka cewa ba ka taɓa jin komai ba. In magana ta kai kotu za ka sa hannu a kan bayanin shaida cewa gaskiya ne, ƙarya a nan raina kotu ce, ban da abin da ke tsakaninka da Ubangijinka. Ba dole ba ne ka yi ta tallan laifinka, ba kuma halal ba ne ka musanta abin da ya faru. Tsakanin biyun akwai fili, kuma lauyoyin can suna da salon wasiƙar sulhu da ba a iya kai ta gaban alƙali a matsayin amsa laifi. Ta nan za a miƙa tayinka: za ka ɗauki kuɗin cire allon tukunya ta hannun mai lasisi, da kason gwajin da ya shafe shi, ba tare da amsa alhakin sauran ba, a kan ya sa hannu cewa wannan ya rufe duk wata da'awa kan asbestos a gidan, wanda aka gani da wanda za a gani nan gaba. Wannan jimla ta ƙarshe kada a bar ta, domin tsohon gida in aka fara buɗe shi ba a rasa ƙarin abin gani, a bututun hayaƙi ko a tankin ruwa ko a ƙarƙashin rufi. In ya nemi ɗan ƙari kaɗan don a rufe magana, ka auna shi da kuɗin lauya na wata shida da rashin barcin da kake ciki, ka yanke da kanka.

Game da lafiyarku, kada ka tayar wa iyali hankali. Zama a gida mai asbestos da ba a taɓa ba haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma ka ce ba ka huda allon ba. In ka tuna ka taɓa kankare silin ko goge shi da takardar yashi, ka faɗa wa likitanku ya rubuta a fayil, in kuma kana shan taba ka bari, domin ita da asbestos in suka haɗu suna ninka haɗarin kansar huhu.

Batun bashi kuma, kason allon kaɗai zai yi ƙasa sosai da fam 11,500, ta yiwu ka iya ɗaukarsa ba tare da ka je banki ba. In ya yi nauyi, ka nemi a raba maka biya kashi biyu ko uku a cikin yarjejeniyar, mai sayen da ke son aikinsa ya ci gaba ba zai ƙi ba. Ka sa a rubuta cewa za ka biya ne a kan takardar kuɗin ɗan kwangila mai lasisi, ba a kan ƙiyasi ba. Bayan an gama, wani mai gwaji mai zaman kansa zai auna iskar wurin ya ba da takardar shaidar cewa an iya komawa ciki. Ka nemi kwafinta, ka haɗa da yarjejeniyar sulhun da rasit ɗin biya, ka adana su aƙalla shekara shida.